Yatsan da Tobin Yake Lasa

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Roscoe ina ci gaba, Roscoe ka yi shiru da yawa", duk na gani. Gwiwa ce ta hana ni zaman kujera, ba wulaƙanci ba ne. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuta cewa in aka kori Tobin kin daina karantawa, ki yi haƙuri, ba ni nake rabon aiki a kulob ɗin nan ba. Abin da idona ya gani shi nake faɗa.

*

Ina jiƙe cikin bahon ƙanƙara har ƙirji saƙon ya same ni. Sabon koci yana nemana a ɗakin kallon faifai, kuma in taho da kwatabak ɗina, wato mai jefa mana ƙwallo.

Ban yi gaggawar fitowa ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a ta ƙwallon Amurka, sabon koci na huɗu ke nan da zan miƙa wa hannu, kuma duk halinsu ɗaya. Su sa a sake fentin bango, su ce daga yau tunani ya canza, sannan su waiga su nemi wanda za su kora don masu kulob su san an fara aiki. Wanda ya fi kusa da hannu kuwa kullum mai jefa ƙwallo ne, balle wanda tsohon koci ya zaɓo da kansa.

Tobin Sayre ke nan. Koci Bascom ne ya ɗauko shi daga jami'a shekara uku da suka wuce, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ga wanda zai fitar da garin nan kunya. Bana wasa huɗu kacal muka ci. Washegarin wasan ƙarshe aka sallami Bascom tun gahawar da ya zuba ba ta huce ba.

A ɗakin canza kaya na samu Tobin, zaune gaban lokar ajiye kayansa. Kowa ya daɗe da zuba kayansa a baƙar ledar shara ya gudu inda ake rana. Tasa ledar tana nan a ninke kan benci yadda aka ajiye masa, ya ƙi taɓa ta.

Na ce, "Tashi, Auta, ana nemanmu."

"Mu biyu?"

"Haka aka ce."

"Ni dai na san laifina. Kai me ka yi, Tsoho?"

"Na tsufa mana."

Ya ɗan murmusa, iya leɓe. Shekararsa ashirin da biyar, amma ƙasan idonsa ya fi nawa duhu.

"Ka ji rediyo da safe?"

"Sau nawa zan ce ka daina jin rediyon nan?"

"Wani ya bugo daga wurin wankin mota, wai kakarsa ta fi ni iya jifa."

"Shi mai shirin me ya ce?"

"Ya nemi lambar kakar."

Na so in danne dariyar, ta ƙi. Shi ma ya yi, sai kuma ta mutu masa a wuya.

"Tsoho, ka san har an buga rigar yaron Texas ɗin nan da ake so ya maye gurbina? A bakin fili ake sayarwa. Ko zaɓen 'yan jami'a ba a yi ba, ko ɗaukarsa ba a yi ba, an riga an sa masa lamba."

"Masu riga ba su ne koci ba."

"Wanda ya zama kocin ai ya fi su tsanata."

Vernon Hadnot shi ne kocin masu tsaro na maƙwabtanmu na tsallaken tafki kafin a kawo mana shi. Tunda Tobin ya zo, duk haɗuwar da muka yi da su sai sun yi mana kaca-kaca. Yanzu kuma shi ne mai gidanmu.

Muka bi dogon barandan nan a hankali, ni ina jan gwiwa, shi yana jan ƙafa ba tare da wani ciwo ba.

*

Hadnot gajere ne, mai sanƙo, da tabarau rataye a wuya. Mun same shi yana ɓare gyaɗa yana tara ɓawon a kofin takarda. Bai tashi ba.

"Ku zauna. Tillery, waccan kujerar ta fi ƙarfi."

Na zauna a waccan.

"Sayre, ba na son kwana-kwana. Bayan cin abincin rana zan hau sama wurin mai kulob da manaja. Tambaya ɗaya za su yi min. Kai, ko yaron Texas."

Tobin ya ce, "Me za ka ce musu, Koci?"

"Ban sani ba tukuna. Da na sani da ban ɓata muku lokaci ba."

Ya turo min rimot ta kan tebur.

"Tillery, duk wasanninku na shekara biyun nan suna ciki. Zaɓi wanda ka ga dama. Kai shi daidai inda ka sunkuya kan ƙwallo, kafin ka miƙa masa, ka tsayar."

"Don me, Koci?"

"Yi dai."

Na zaɓi wani wasan watan Oktoba, ba ma da su Hadnot muka yi ba. Ga ni a allo, ƙaton baya a sunkuye, ga Tobin tsaye a bayana yana ƙwala kira. Na tsayar.

Hadnot ya jefa gyaɗa a baki. "Jifa."

Na saki. Tobin ya ja baya ya jefa.

"Wani."

Na tsallaka gaba, na tsayar.

"Gudu."

Na saki. Tobin ya juya ya danƙa wa mai gudu ƙwallo a ciki.

"Wani."

Na canza wata, na canza shekara, na nemo wasan da aka yi cikin ruwan sama hoton ko fita ba ya yi sosai. Na zaɓo inda kowane mai hankali zai rantse gudu za mu yi, amma muka jefa. Mutumin nan ko gyara zama bai yi ba. Jifa. Gudu. Gudu. Jifa. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Na ajiye rimot ɗin.

"Koci, wa yake kai maka tsegumi a cikinmu?"

"Babu."

"Haba, Koci. Yanzu ai mun zama ɗaya, faɗa min sunansa kawai."

"Na ce babu. Ko sisi ban taɓa kashewa ba. Kyauta ake ba ni, a gaban jama'a cike da fili."

Ya saka tabaransa, ya karɓi rimot.

"Tillery, me mai tsaro yake roƙon Allah ya sanar da shi kafin ka miƙa ƙwallo?"

"Jifa ne ko gudu."

"Shi ke nan. In ya san jifa ne, ba ya tsayawa duba kowa, kan mai jifa zai nufa da duk ƙarfinsa. To kalli hannun yaronka."

Na kalla. Tobin ya kai hannun dama baki, ya dawo da shi.

Na ce, "Wannan ai lasar yatsa ce. Duk garin nan wa bai san ta ba? 'Yata ma tana yi kafin ta jefa safa a kwando. Shekarar farko har zanensa aka yi a jikin gada da yatsa a baki. Kuma kowane wasa yake yi, Koci, jifa da gudu duka."

"Kowane wasa. Shi ya sa su Bascom suka yi ta kallo ba su ga komai ba. Yanzu duba a hankali."

Ya rage gudun hoton. Wasan gudu ne. Hannu ya je baki, ya taɓa, ya dawo.

Ya kawo na jifa. Hannu ya je baki. Ya tsaya. Ba wani daɗewa ba, kamar ƙiftawar ido biyu. Sai kafaɗar dama ta ɗan zabura, sannan hannun ya sauko.

Ya sake nuna min, ya kuma sakewa. Da ka gani sau ɗaya, ba ka ƙara kasa gani.

Ni ne senta. Aikina in sunkuya in miƙa wa yaron nan ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna. Mutum ashirin da biyu ne a fili, kuma duk cikinsu ni ne wanda ya fi kusa da shi, ni ne kuma wanda ba zai taɓa ganin hannunsa ba, don baya nake ba shi. Shekara biyu ƙartin da ke gabana suna kallon saman kaina suna karanta abin da za mu yi, ni kuma ina komawa gida ina cewa matata ƙarfina ne ya ƙare.

Na juya na kalli Tobin. Idonsa na kan tebur.

"Auta."

Shiru.

"Da kai nake. Ka san da wannan?"

"Tsoho..."

"Sau biyu aka yanka min gwiwar nan! Dewitt fa? Dewitt da yake tsayawa a haguna, aka ce shi yake bari ana kayar da kai, aka kore shi da 'ya'ya uku. Motar kai kaya yake tuƙawa yanzu. Rannan ya kawo kwali gidana, ya ƙi ɗaga hula don kada in gane shi. Ka san da wannan?"

"Wallahi ban san ana gani ba."

Hadnot ya daina ɓare gyaɗarsa.

Ya ce a hankali, "Ana ganin me, Sayre?"

Tobin ya ce, "Lasar... yadda nake daɗewa."

"Uhm."

Hadnot ya danna rimot. Sai ga Tobin cikin rigar jami'a, siriri, fuska fes, yana dariya da abokan wasansa.

"Nan kana jami'a. Lasa ɗaya ce, jifa da gudu, ba bambanci. Ga farkon zuwanka nan, ita ce dai. Har muka zo nan."

Tun kafin hoton ya daidaita na gane wasan. Disambar shekararsa ta farko, a filin su Hadnot, dusar ƙanƙara tana zuba kamar ana tankaɗe gari. Tobin ya ja baya zai jefa. Wani ya fito ta bayansa, babu wanda ya tare shi, ya haɗa masa hular kwano tsakanin wuya da kafaɗa. Ko babu sauti sai da na ji ƙarar a haƙorana.

Hadnot ya ce, "Ni na tsara wannan. Ni na turo shi ta nan, kuma abin da na sa shi ya yi. Ka tashi, likita ya haska maka ido, ya tambaye ka sunan gari, ka faɗa, ka koma fili. Har mutanenmu sai da suka tafa maka."

Tobin bai ɗago ba.

"Sati biyu bayan nan na fara ganin hannun yana daɗewa. Ban tambayi dalili ba. Ina ruwana? Aikina in ci ku. Na ce wa yarana ku kalli hannu, suka kalla. Da suka watsu wasu kulob suka tafi da labarin. Zuwa bara rabin masu tsaron ƙasar nan sun sani."

Na ce, "Kuma babu wanda ya ji tausayi ya faɗa mana."

"Kai da za ka faɗa?"

Ba zan faɗa ba, ya sani, na sani.

"Amma da na karɓi aikin nan, sai abin ya zama nawa. Na sa aka nemo min hoton 'yan talabijin, wanda suke matsowa kusa da fuska."

Ya danna. Fuskar Tobin ta cika allo, a bayan ƙarafan hular kwano, tururi na fita daga bakinsa. Yatsa ya shiga. Leɓe ya ɗage. Haƙora suka sauka.

"Ba lasa kake ba, Sayre. Cizo kake."

Na kalli hannun Tobin a kan cinyarsa. Manuniyarsa a naɗe take da farar filasta, kamar kullum. Ban taɓa kawo komai a raina ba, rabin 'yan wasa da filasta suke yawo. Amma an gama kakar wasa tun tuni, ko atisaye ba ma yi.

Hadnot ya ce, "Cire."

"Koci, yanka ne kawai. Wuƙar kicin."

"Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa?" Ni na faɗa, ban san ta fito ba.

Ya dube ni, irin duban da yaro yake yi wa wansa in ya tona shi gaban baba. Sannan ya kama bakin filastar ya warware.

Kan yatsan ya yi kanta, fari, da ramuka a jere inda haƙora suke sauka. Wasu sun warke, wasu sababbi ne. Gefen farcen ya tsage ya yi baƙi.

Fushin da nake ji bai tafi ba, amma ya rasa wurin zama. Tausayi ne ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na ji shi.

Tobin ya yi saurin cewa, "Tsoro ne, Koci. Tun bugun nan nake jin tsoro in zan jefa. Wani farce yake ci, ni yatsa nake ci. Ɗabi'a ce kawai. Zan daina. Ka ba ni bazarar nan, in ka sake ganin hannuna a baki ka kore ni da kanka."

"Ɗabi'a."

"Ɗabi'a ce."

Hadnot ya jingina da kujera, ya cire tabarau ya murza ido. Sai a lokacin na lura shi ma a gajiye yake. Ya haura sittin, wannan ne karon farko da aka ba shi kulob nasa na kansa, kuma ya san ba za a ba shi na biyu ba.

"Bari in gaya maka abin da ya hana ni barci, yaro. In ɗabi'a ce, ba na ma so ka daina. So nake ka juya ta. Ka ciji yatsa in za mu gudu, ka taɓa kawai in za mu jefa. Duk masu tsaron da suka haddace ka za su ruga inda babu kowa. Kafin su farga mun cinye rabin kakar wasa. Na ga abin da hannunka yake yi a jami'a, yaron Texas bai kama ƙafarka ba. In ɗabi'a ce, yau ɗin nan zan hau sama in ce musu ina da kwatabak, su nemo min masu tare masa gaba."

Na ga yadda fuskar Tobin ta buɗe. Rabon da in ga haka tun shekarar farko.

"Koci, wallahi ba za ka yi da-na-sani ba..."

"Ban gama ba."

Ya ɗauki ƙwallon da ke gefen tebur, ya jera yatsunsa a kan ɗinkin.

"Manuniya ce take rabuwa da ƙwallo a ƙarshe. Ita take gaya mata inda za ta. Ƙwallayenka na shekara biyun nan ƙarfi suke da shi, ba su da kunne. Wata ta wuce kan mutum, wata ta faɗi gabansa, kai kuma ka tsaya kana kallon hannunka. Mai jin tsoro ba hannunsa yake kallo ba, Sayre, waige yake yi."

"Iska ce, Koci. Ka san iskar tafkin nan."

"Na san wani da ya riƙa mari cinyarsa kafin kowane wasa. Muka ɗauka ƙarfafa kansa yake. Ashe tayar da ƙafar yake, don ba ya jin ta."

"Ni ba shi ba ne."

"Kana jin yatsan nan?"

"Ina ji."

"In ka faɗa min gaskiya da bakinka, ni zan kai ka wurin likitan jijiya, a motata. Wataƙila abin gyara ne."

"Wataƙila!" Tobin ya miƙe tsaye, kujera ta yi baya. "In kuma ba na gyara ba ne fa? Daga ranar da likita ya ce jijiya, shi ke nan, kowane kulob ya ji. Ko ɗan benci babu mai ɗaukata. Kai kuma za ka hau sama ka ce a jira ni shekara guda? Za su jira? Ga yaro can an riga an ɗinka masa riga!"

"Zauna."

"Tun ina shekara shida ba abin da na iya sai wannan, Koci. Mamata ta bar aikinta ta biyo ni garin nan, ko kanti ba ta iya shiga sai an yi mata habaici. An ƙona rigata a bakin fili, na gani ta tagar mota. Ban ce komai ba. An kayar da ni har na daina ƙirgawa, ban taɓa kwanciya na ƙi tashi ba. Tsoho, faɗa masa! Na taɓa ƙin tashi?"

Na ce, "Bai taɓa ba, Koci."

"To don Allah me kuma ake so in yi? Na gaji. Wallahi na gaji."

Ya ja kujerar ya zauna, ya dafe goshi da hannun hagu.

Hadnot ya bar shi ya numfasa. Ya tura kofin ɓawon gyaɗa gefe, ya share teburin da bayan hannu.

"Tambayar ƙarshe. Kana jin yatsan nan?"

"Lafiyata ƙalau."

"To madalla. Abin ya zo da sauƙi. Ɗora hannunka nan, tafi a sama. Za ka rufe ido, a taɓa maka yatsa, ka faɗi wanne ne. In ka faɗa daidai, aikinka naka ne, kuma ba zan sake tayar da maganar ba har in bar garin nan. Tillery shaida ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Tobin ya ɗora hannun.

Hadnot ya dube ni. "Kai za ka taɓa."

"Ni kuma? Koci, ni fa ba likita ba ne."

"In ni na yi zai ce na yi masa coge. Ni na sa aka buge shi, me zai sa ya yarda da ni? Da kai ya yarda. Da farce kawai, a kan tsokar yatsan, kada hannun ya motsa. Ni zan nuna maka wanne."

A ran nan na gane abin da ya sa aka fito da ni daga bahon ƙanƙara.

Na matso da kujerata. Na tuna Dewitt da hularsa. Na kuma tuna ranar da na farfaɗo daga yankan gwiwa na biyu, na samu yaron nan zaune gefen gado yana cin abincin asibitin da aka kawo min, yana cewa wai ɗanɗana min yake kada a sa min guba. Duk ranar Alhamis yakan kwashe mu masu tare masa gaba ya kai mu cin gasasshen nama, ko a satin da muka bari aka tattaka shi. Ban san wanne zan riƙe ba a cikin biyun. Abin da na sani kawai, so nake ya ci.

Tobin ya ce, "Tsoho, kada ka karya min hannu da wannan ƙaton yatsan naka."

"Rufe ido, surutu."

Ya rufe. Hadnot ya zare tawul daga kafaɗar kujera ya ɗora masa a fuska.

Ya nuna min ƙaramin yatsa. Na taɓa.

"Ƙaramin."

Ko daƙiƙa bai ɗauka ba. Na saki numfashi.

Hadnot ya nuna wanda ake sa zobe. Na taɓa.

"Na zobe. Koci, wannan ai wasan yara ne."

Ya nuna babban yatsa. Na taɓa. Ya ɗan yi jim.

"Babban."

Hadnot ya gyaɗa kai. Ya sake nuna ƙaramin, na taɓa, Tobin ya faɗa har da dariya. Kafaɗunsa suka sauko. Na fara jin wataƙila mutumin nan ne ya cika zargi, ƙila tsoron ne da gaske.

Sannan Hadnot ya nuna manuniya.

Na ɗora farcena a kan kantar nan, daidai inda ramukan haƙora suke. Na taɓa.

Shiru.

Na ɗan danna.

Shiru.

Na ɗago na kalli Hadnot. Ba ni yake kallo ba, yatsan yake kallo, kuma babu ko alamar jin daɗi a fuskarsa.

Na danna da gaske. Da wannan hannun nake ture ƙartin da suka fi firji nauyi. Na nutsa farcen har tsokar ta yi fari, har wani tsohon rami ya buɗe, ɗigon jini ya taso ya zagaye farcena. A raina ina cewa, ji mana, Auta, don girman Allah ji.

Tobin ya gyara zama a ƙarƙashin tawul. Da murmushi a muryarsa ya ce,

"Tsoho, me kake jira ne? Taɓa mana."